Nazarin Lamari: Rijiyar Bayan Shagon Wanki a Kaduna da Matsalar Auna Gurɓatarta

Lamarin da za a bayyana a nan ya shafi wata rijiya ce da ke cikin wani gidan haya a ɗaya daga cikin unguwannin da ke kudu da kogin Kaduna, da kuma shawarar da aka kawo ta wanke ƙasar da ke ƙarƙashin gidan ta hanyar ɗura mata safaktan, wato sinadarin nan dangin sabulu da omo. An sakaya sunan unguwar da na mutanen da abin ya shafa, domin abin da ake so mai karatu ya duba shi ne yadda awo ya kusa karkatar da hukunci, da yadda na'urar kiromatogirafin ruwa mai rarrabe sinadaran da ke cikin samfuri, wadda masu ɗakin gwaje-gwaje ke kira HPLC, ta warware saɓanin da ya taso.

Asalin matsalar

Katanga ɗaya ce ta raba gidan da wani tsohon shago da aka daɗe ana wankin kwat da manyan riguna masu aiki a cikinsa, irin wankin inji da ba a sa ruwa. Shagon ya yi tashe ne a zamanin da masaƙun Kakuri, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a 1957, ke aiki dare da rana, garin kuma yana cike da masu albashi da ke da suturar da ba a ba mai wankin hannu. Da masaƙun suka durƙushe sai kasuwarsa ta mutu, aka kwashe injin, aka mayar da wurin ɗakin ajiya. Wani dattijo da ya yi aiki a shagon yana saurayi ya shaida cewa baƙin dattin da ke taruwa a gindin injin, a wani rami da ke bayan shagon ake juye shi, a bi da ƙasa a rufe. Ba da mugun nufi suke yi ba, babu dai wanda ya taɓa gaya musu illarsa. Nijeriya ba ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya ba sai a 1988, bayan badaƙalar sharar gubar da aka jibge a Koko, ita kuwa NESREA, hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, sai a 2007 aka kafa ta.

Matan gidan ne suka fara lura da cewa gugan farko na asuba yana fitowa da wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi, wanda ke ƙaruwa a ƙarshen rani idan ruwa ya ja baya. Gwajin farko ya tabbatar da cewa sinadarin tetirakuloro-etilin ne, wanda ake taƙaitawa da PCE, shi ne kuma ruwan da injinan irin wannan wanki suka fi amfani da shi. An ga kuma ɗan burbushin tirikuloro-etilin, wato TCE, wanda ke samuwa idan ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suka fara ruguza PCE.

Halayen PCE guda biyu ne suka sa ya zama alaƙaƙai. Na farko, ya fi ruwa nauyi, domin lita ɗaya tana da nauyin kilogiram 1.62, saboda haka ba ya tasowa sama kamar fetur ko kananzir, nutsewa yake yi yana bin kafofin ƙasa har sai ya ci karo da abin da zai tare shi, yana barin ɗigo-ɗigo maƙale a tsakanin ƙwayoyin yashi a duk inda ya ratsa. Na biyu, narkewarsa a ruwa kaɗan ce ƙwarai, wajen miligiram 150 a lita. Wannan ɗan kaɗan ɗin ya ninka sau 30,000 a kan iyakar maikirogiram 5 a lita da hukumar kare muhalli ta Amurka ta gindaya wa ruwan sha, kuma bisa wannan iyaka lita ɗaya ta PCE ta isa ta ɓata ruwa lita miliyan 324. Amma ta fuskar mai son tsabtace wuri, ƙarancin narkewar yana nufin ko da ruwa zai ƙoshi da shi iya ƙoshi, abin da ba ya faruwa a cikin ƙasa, sai an zuƙe lita 10,800 kafin lita ɗaya ta PCE ta fita. Shi ya sa wuraren da aka dogara da zuƙar ruwa kawai sukan shafe shekaru barkatai ana aiki gurɓatar ba ta ƙare ba. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya TCE a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar ga ɗan Adam, musamman ta ƙoda, ta kuma sanya PCE a rukunin waɗanda ake kyautata zaton suna haddasa ta. Hanci kuwa ba ya jin warinsa a ruwa sai ya zarce iyakar nesa ba kusa ba, wanda ke nuna cewa mutanen gidan sun jima suna sha kafin warin ya bayyana.

Abin da aka gani a rijiyar ya haura kashi 1 cikin 100 na iyakar narkewar PCE, kuma masu wannan aiki suna ɗaukar hakan a matsayin alamar cewa akwai tsagwaron sinadarin kwance a kusa.

Shawarar ɗura safaktan

Injiniyan da masu gidan suka tuntuɓa ya kawo shawarar a wanke ƙasar da safaktan. Kowace ƙwayar safaktan tana da kai mai son ruwa da jela mai son mai, kuma idan yawanta a ruwa ya kai wani mataki sai ƙwayoyin su taru su yi ƴan dunƙule, jelunan a ciki kawunan a waje. Cikin dunƙulen nan PCE ke shigewa, ruwa kuma ya tafi da shi. Wanda aka zaɓa shi ne Tween 80, sinadarin da ake sawa a wasu abinci da magunguna, wanda ke fara dunƙulewa tun yawansa bai wuce miligiram 13 zuwa 15 a lita ba, alhali a aikin wanke ƙasa akan haɗa shi kashi 4 zuwa 6 cikin 100. A irin wannan ƙarfi ruwan kan ɗauki PCE fiye da ninki ɗari na abin da tsurar ruwa ke ɗauka.

Dabarar ba sabuwa ba ce. An gwada ta a sansanin sojan sama na Hill da ke jihar Yuta ta Amurka a 1996, da wani safaktan na daban haɗe da gishiri da barasa, inda aka fitar da mafi yawan sinadarin da ke kwance a filin gwajin. An sake gwada ta da Tween 80 a 2000 a garin Oskoda na jihar Mishigan, a ƙarƙashin wani tsohon shagon wanki irin na wannan lamari. Sai dai a wuraren biyu ƙasar yashi ce ko tsakuwa, kuma akwai shimfiɗar yumɓu a ƙasanta da ke tare duk abin da ya nutse. Ƙasar Kaduna ba haka take ba. Mai haƙar rijiya a garin nan ya san jerin: jar ƙasa da marmara a sama, sai ruɓaɓɓen dutse mai ɗauke da ruwan rijiyoyin gida, sai tsohon dutse mai tauri wanda ruwansa ke cikin tsagogi, inda rijiyoyin burtsatse ke zuƙa. Saboda wannan bambanci aka amince cewa ba za a ɗura komai a fili ba sai an gwada a kan teburi.

Aka haƙo ƙasa daga bakin ramin a zurfi biyu, ɗaya daga jar ƙasar sama, ɗaya daga ruɓaɓɓen dutsen, aka cusa kowace a bututun gilashi ba tare da ɓata lokaci ba. Aka fara tura musu tsurar ruwa, daga baya aka juya zuwa ruwan Tween 80 mai kashi 4 cikin 100, da ɗan gishirin buromaid a ciki, wanda ba ya maƙale wa ƙasa, domin ya nuna saurin tafiyar ruwan kansa. Abin da ke fitowa ta ɗaya bakin kuma ana tara shi kashi-kashi.

Inda awo ya saɓa

An fara aika samfuran ɗakin gwajin da ya yi awon farko, wanda ke amfani da kiromatogirafin iska ta hanyar ɗibar tururin da ke saman kwalba. Ana ɗumama kwalbar a rufe, PCE ya tashi ya cika sararin da ke saman ruwan, a ɗebi wannan iskar da allura a tura wa na'ura. Hanya ce mai kyau, kuma da ita aka gano gurɓatar tun farko. Sakamakon da ya dawo ya nuna cewa bayan shigar safaktan PCE bai ƙaru a ruwan da ke fitowa ba, a wasu kwalaben ma ya ɗan ragu. Mai gidan ya fahimci hakan a matsayin albishir cewa ƙasar ta kusa tsarkaka, injiniyan kuma ya fara tunanin ko safaktan ɗin jabu ne.

Duka fahimtocin biyu ba daidai ba ne, kuma dalilin yana cikin yadda awon ke aiki. Abin da ke tashi zuwa saman kwalba shi ne PCE ɗin da ke sake a cikin ruwa, wanda dunƙulen safaktan ya riƙe kuwa ba ya tashi. An daidaita na'urar ne da ruwan ma'auni, wato ruwan da aka sa wa sanannen adadin sinadarin, wanda aka haɗa da tsurar ruwa, don haka ta karanta abin da ya tsere wa dunƙule kawai, ta bar mafi yawan sinadarin a cikin kwalba ba ta gan shi ba. Ko da ruwan safaktan ya ƙoshi da PCE har dubban miligiram a lita, tururin samansa ba zai wuce na tsurar ruwan da ya ƙoshi da miligiram 150 ba. An tabbatar da wannan da gwaji mai sauƙi: aka zuba adadi ɗaya na PCE a kwalabe biyu, ɗaya tsurar ruwa ɗaya ruwan Tween 80, na'urar ta karanta ta biyun ƙasa da ta farkon da tazara mai yawa. Ɗaya hanyar da aka saba da ita, wadda ake hura iska ta cikin ruwan domin a kwashe sinadarin, ita ma ba ta yiwu ba, domin da an fara hurawa sai kumfa ta taso ta bi bututun har cikin na'urar. Ana iya gyara awon tururin ta hanyar tsarma samfurin sosai ko haɗa ruwan ma'auni da safaktan daidai da na samfurin, amma yawan safaktan yana canzawa daga kwalba zuwa kwalba, kuma wannan na'ura ba ta da hanyar auna shi tunda ba ya tashi ya zama tururi.

A nan aka koma ga kiromatogirafin ruwa. Asalin dabarar na masanin tsirrai ne ɗan ƙasar Rasha, Mikhail Tswett, wanda a farkon ƙarni na 20 ya rarrabe launukan ganye ta hanyar tsiyaye su ta cikin bututun da aka cika da garin alli. Na'urar yau famfo ce mai matsi da ke tura ruwa, galibi mililita 1 a minti, ta cikin wani siririn bututun ƙarfe mai tsawon santimita 15 ko 25 da faɗin milimita 4.6, wanda aka cika da ƙwayoyin silika masu girman maikiromita 5 da aka lulluɓe da sarƙoƙin kabon 18. Wannan lulluɓi mai son mai ne, saboda haka duk sinadarin da ya fi ƙin ruwa ya fi daɗewa a ciki. Abin ya yi kama da mutanen da suka shiga Kasuwar Barci ta ƙofa ɗaya a lokaci guda: baƙo zai ratsa ya fita nan da nan, ɗan gari kuwa da kowace rumfa sai ya tsaya an gaisa, shi ne zai fito a ƙarshe. A wannan tsari TCE ke riga PCE fitowa, Tween 80 kuma sai an ƙara ƙarfin asetonaitiril, wani ruwan sinadari mai narkar da mai, a ruwan da ke turawa kafin ya saki.

Matakin da ya fi kowanne muhimmanci ana yin sa ne kafin samfurin ya shiga na'ura. Ana zuba metanol, wani nau'in barasa, kashi tara a ƴar kwalba a rufe ta, sannan a soka allurar sirinjin gilashi ta cikin murfin kwalbar samfurin a zuƙo kashi ɗaya, a tura shi ƙarƙashin metanol ɗin ba tare da an buɗe kowace kwalba ba. Metanol yana wargaza dunƙulen, PCE ya fito fili gaba ɗayansa, kuma tunda yana narkewa sosai a metanol ba ya ɗokin tserewa. Idan akwai laka a ciki, bayan wannan tsarmawar ake tacewa da matacin tefulon, domin tace ɗanyen samfurin a sarari asarar sinadarin ce, roba ta yau da kullum kuma tana shanye shi.

Ɗibar samfurin daga rijiya ma tana da nata ladabin. Ba a ɗiba daga guga, domin fantsamar ruwa kaɗai ta isa ta kore wani kaso. Da bututu mai bawul a gindi ake zurawa a hankali, a tsiyaya ruwan ta jikin kwalbar gilashi mai mililita 40 har ya yi tozo a bakinta, a ɗaura murfi mai shafin tefulon, sannan a kifa kwalbar a ɗan buga ta a tafin hannu a ɗaga ta ga haske. Idan aka ga kumfar iska ko da ƙanƙanuwa ce, a ajiye wannan kwalba a ɗauki sabuwa. Daga nan sai cikin kula mai ƙanƙara a kan digiri 4, abin da ba wasa ba ne a zafin Maris da Afrilu. Ƙa'ida ta ce a ɗiga asid domin hana ƙwayoyin halitta cin sinadarin, a kuma auna cikin kwana 14.

Ido biyu a layi ɗaya

A bakin bututun ƙarfen na'urar akwai buƙatar abin da zai ga sinadaran suna fitowa, kuma ido ɗaya bai isa ba. PCE da TCE suna shanye hasken ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, a wajen nanomita 200 zuwa 230, don haka fitilar ultrabayolet ke ganinsu. Wannan ne ya sa aka fifita asetonaitiril a ruwan turawa, domin shi ba ya tare haske sai ƙasa da nanomita 190, metanol kuwa yana fara tarewa tun daga 205. Tween 80 ba ya shanye wannan haske sai kaɗan, kaɗan ɗin da ya isa ya dagula karatun PCE idan suka fito tare, amma bai isa a dogara da shi wajen awo ba. Saboda haka aka jona na'ura ta biyu a bayan ta farko, wadda ke fesa ruwan da iskar naitirojin, ta busar da shi a bututu mai ɗumi, ta haska ƙurar da ta rage, ta auna yadda hasken ya warwatsu. Duk abin da ke tashi ya zama tururi, har da PCE da TCE, ɓacewa yake yi a wannan mataki, safaktan kaɗai ke saura. Da allura ɗaya ta maikirolita 20 ana samun awo biyu daga kwalba ɗaya, kuma wannan ne ya ba da damar a ɗora layin PCE a kan layin safaktan a ga yadda suke tafiya tare.

Wani zai ce me ya hana a auna safaktan da tsohuwar hanyar shuɗin metilin, wadda kusan kowane ɗakin gwajin ruwa ya iya. Wannan hanya safaktan mai cajin lantarki irin na omo take gani, Tween 80 kuwa ba shi da caji, ba za ta gan shi ba sam. Abin da za ta karanta a rijiyar unguwa shi ne ruwan wankin da ke tsiyaya daga kwata da sokawe.

Na'ura ta biyun tana da nata sharuɗɗan. Amsarta ba ta tafiya a miƙe da yawan sinadari, don haka sai an haɗa ruwan ma'auni aƙalla mataki biyar an zana lanƙwasar da lissafin logaridim. Ba a sa gishirin da ba ya tashi a ruwan turawa, domin zai zama ƙura ya rufe komai. Sannan Tween 80 ba sinadari ɗaya ba ne, tarin ƴan uwa ne masu bambancin tsawo, yana fitowa tudu-tudu a jere a zanen da na'urar ke yi, kuma haɗinsa yana ɗan bambanta daga ganga zuwa ganga, shi ya sa daga gangar da aka yi aikin da ita aka haɗa ruwan ma'auni. Akwai kuma wahalhalun da kowane mai wannan aiki a Kaduna ya sani: ɗaukewar wuta a tsakiyar awo tana ɓata shi gaba ɗaya in babu inbata, tukunyar naitirojin tana ƙarewa da sauri, asetonaitiril mai tsabtar da ake buƙata kuma sai an yi odarsa daga Legas. A kowane zubi an riƙa saka kwalbar tsurar ruwa da ta yi tafiya tare da sauran a cikin kula, da kwalba guda da aka ƙara wa sanannen adadi domin a ga ko na'urar za ta dawo da shi.

Abin da awon ya nuna

A bututun ruɓaɓɓen dutse, safaktan ya fito jim kaɗan bayan buromaid, PCE kuma ya yi tsalle tare da shi zuwa matakin da ya zarce abin da tsurar ruwa za ta iya ɗauka nesa, sannan ya sauko da doguwar jela. Da aka tsayar da famfo aka bar ruwan ya kwana a cikin ƙasar, kwalaben farko na washegari sun fi na jiya PCE, alamar cewa dunƙulen suna buƙatar lokaci kafin su cika, kuma gaggawar turawa asarar safaktan ce. Da aka tara lissafi, kusan duk safaktan ɗin da aka tura ya dawo. Wannan ya rushe fahimtar mai gidan: ƙasar ba ta kusa tsarkaka ba, akwai tsagwaron PCE a cikinta, safaktan ɗin kuma yana aiki.

Bututun jar ƙasa ne ya ba da labarin da ya sauya hukunci. Buromaid ya fito ya wuce, safaktan bai bayyana ba sai can baya, kuma wani kaso mai tsoka bai fito ba har aka rufe gwajin, ruwan ma ya riƙa tafiya da ƙyar. Da aka duba tudun da na'ura ta zana, sai aka ga siffarsu ta canza: ƴan uwan da suka fi son mai, waɗanda su ne suka fi ɗaukar PCE, su ƙasar ta fi riƙewa, waɗanda suka fito kuma sun fi rauni. Awon jimla ba zai taɓa nuna wannan ba, sai na'urar da ke rarrabewa. Canza zuwa safaktan mai caji ba lallai ya magance matsalar ba, domin tsatsar ƙarfen da ta ba jar ƙasa launinta tana kama irinsa, musamman a ruwa mai ɗan tsami.

Safaktan ɗin da ya maƙale a ƙasa ba zama yake yi haka kawai ba. Tween 80 abinci ne ga ƙwayoyin halitta, kuma idan suka ci suka cinye iskar da ke cikin ruwan, sai a samu yanayin da ake ɓare wa PCE sinadarin kulorin ɗaya bayan ɗaya, ya koma TCE, ya koma dikuloro-etilin, ya koma binil kuloraid, daga ƙarshe ya zama etilin marar illa. Idan jerin ya kai ƙarshe alheri ne, amma yakan tsaya a tsakiya in babu ƙwayar halittar da ake kira Dehalococcoides, kuma binil kuloraid ya fi uwarsa haɗari, iyakarsa a ruwan sha a Amurka maikirogiram 2 ce a lita. Ga kuma batun nauyi: ruwan safaktan da ya ɗauki PCE ya fi ruwan da ke kewaye da shi nauyi, yana son gangarawa, kuma abin da ke ƙasa a nan tsagogin dutse ne da rijiyoyin burtsatsen maƙwabta ke sha daga cikinsu.

Hukunci

An zauna a zauren mai unguwa aka bayyana sakamakon. Injiniyan ya nemi a yi ɗan gwaji a fili da rijiyar ɗurawa ɗaya da ta zuƙa biyu, yana kafa hujja da bututun ruɓaɓɓen dutse, hujjarsa kuwa tana da ƙarfi. Ra'ayina, wanda mafi yawan masu binciken suka tafi a kai, shi ne bututun gilashi yana da bango, ƙasar gidan kuwa ba ta da shi, kuma ba daidai ba ne a ɗura abin da ke ninka tafiyar guba sau ɗari a wurin da ba a san inda tsagoginsa suka nufa ba, a tsakiyar gidajen da ke shan ruwan ƙasa. Ko an zuƙo ruwan lafiya, ba a tanadi inda za a tace shi ba, kuma sakinsa a lambatu yana nufin kai shi kogin Kaduna, inda masu noman rani ke ban ruwan alayyafo da latas da tumatir.

Ana cikin wannan muhawara sai mahaifiyar mai gidan, wadda ke sauraro daga bakin ƙofa, ta ce: "Malam, ni abin da nake so in ji, ruwan nan a sha ko kada a sha?" Aka amsa mata: "Hajiya, kada a sha, kada a yi girki da shi, kada kuma a tafasa shi a ɗaki da sunan tsarkakewa, domin tururinsa ma shaƙarsa ake yi." Wannan aka fara aiwatarwa tun ranar. Aka rufe bakin rijiyar da murfin ƙarfe da kwaɗo, gidan ya koma sayen ruwa wajen ƴan ga-ruwa, da sharaɗin a san inda suke ɗebowa.

Sauran matakan da aka tsayar sun haɗa da kwashe ƙasar ramin a lokacin rani, sa'ad da ruwan ƙasa ya yi nisa, tunda jar ƙasar da ta ƙi safaktan tana kusa da sama kuma shebur na iya kai mata. Za a haƙa ƙananan rijiyoyin sa ido a kewaye a rubuta abin da aka ratsa taki-taki, aikin da ke buƙatar masanin ruwan ƙasa irin waɗanda ake horarwa a Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando. Za a kai rahoto ga hukumar kare muhalli ta jiha, a kuma duba iskar ɗakunan da ke jingine da katangar, domin tururin PCE yana ratsa daɓe. Batun safaktan ba a yar da shi ba, an jingine shi har sai an san zurfin dutsen da alkiblar ruwan.

Ita kanta HPLC an fayyace iyakarta a rahoton. Fitilar ultrabayolet tana gani da kyau a matakin miligiram, inda aikin wankewa ke gudana, amma bayan an tsarma samfuri sau goma ba za ta iya shaida cewa ruwa ya sauka ƙasa da maikirogiram 5 ba, binil kuloraid kuma iska ne a zafin ɗaki, ba aikinta ba ne. Don haka rijiyoyin maƙwabta, waɗanda babu safaktan a cikinsu, da kiromatogirafin iska mai auna nauyin ƙwayoyi za a gwada su, sau ɗaya a ƙarshen rani, sau ɗaya bayan damina ta ɗauke a Oktoba. Kuɗin wannan gwaji da na haƙar rijiyoyin sa ido ne ba a kai ga matsaya a kansa ba, domin wanda ya mallaki shagon a da ya rasu, magadansa sun sayar, mai gidan hayar kuma yana ganin ba shi ya zubar ba. Mai unguwa ya ɗauki nauyin kiran ɓangarorin uku kafin ruwan farko ya sauka, tunda da zarar damina ta kankama ba za a iya buɗe ramin ba sai baɗi.